Muryar da Na Ara wa Wata Mata

Assalamu alaikum Edita, da ku masu bin wannan shafi. A shekarun da zan ba da labarinsu, ni mai karanta sanarwa ce a wata ƙaramar tashar rediyo a Azare. Ba ni da shirin da ake kira da sunana, kuma ƙalilan ne a garin suka san fuskata, amma muryata kowa ya san ta. Ni ke karanta sanarwar rasuwa da safe, da cigiyar yaron da ya ɓata a kasuwa, da ta akuyar da ta tsinke, da gayyatar ɗaurin aure da walimar sauka. Na ɗan haura shekara talatin. Aurena ya mutu kafin nan, ba haihuwa, na kama ɗakin haya kusa da wurin aiki ina zaune lafiya da kowa.

Malamin da ya horar da mu ya sha gaya mana cewa muryar mai sanarwa kamar faranti take, abincin ake so a gani, ba farantin ba. Ya koya mana inda ake ɗaukar numfashi ba tare da makirufo ya kama ba, da yadda ake ba dogon wasali haƙƙinsa, da yadda ake faɗin sunan mamaci a hankali don matarsa ta ji ba a yi masa gaggawa ba. Ya hana mu rawar murya. Ya ce masu makoki suna da nasu kukan, ba sa bukatar namu. Na iya wannan aiki sosai, kuma gaskiyar magana na gaji da shi. Na san akwai wani abu a maƙogwarona da aikin bai taɓa nema ba, ina kuma so wata rana a neme shi.

Mahaifina yana garin Katagum. Idanunsa sun tafi a hankali tun kafin in fara aiki, har ya zama haske da duhu kaɗai yake bambancewa, daga baya su ma suka haɗe masa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, uwata yake ce mini. Yana da wani ƙaramin rediyo da ya ɗaura wa igiya yana rataye shi a wuya, ya zauna da shi kan tabarma a inuwar ƙofar gida. Daga karatuna yake gane ina mura tun kafin ni in sani. Idan na gama sai ya sa a kira masa ni, ya ce uwata yau ba ki karya ba, ko ya ce kin yi sauri a sunan mutumin Giyade, iyalinsa na ji. Sau da yawa yakan ce mini, cikin raha, ranar da tasa ta zo ni zan karanta, in ja sunan a hankali, in faɗi unguwa da kyau, kuma kada in kuskura in haɗa shi da cigiyar akuya a numfashi ɗaya.

A wannan tabarma yana da abokin zama, wani dattijo Babarbare mai sayar da bandar kifi, wanda iyayensa suka zo daga wajen Yobe suka zauna. Mu Fulanin gida ne, don haka wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari shi ne gaisuwarsu. Dattijon yakan iso yana tambaya ko bawansa ya tashi, Baba ya ce tun daga kwanar masallaci ya ji warin kifi ya san yaronsa na tafe. Ba abin da ba sa faɗa wa juna, kuma ba a fushi, saboda wasa ne da aka gada. Na ambaci wannan ne tun yanzu saboda ta wannan ƙofar abin ya shigo gidanmu.

Wani mai shagon tura fina-finai a waya ne ya neme ni ta hannun wata ƙawata. Ya gaji da jiran fina-finan ƙetare da ake fassarawa a wasu garuruwa, yana so ya fassara nasa. Yawanci namiji ɗaya ke yin duk muryoyin, ya siranta murya idan mace ce ke magana. Shi yana so ya sa mace ta gaske. Ya ce ba za a rubuta sunana ba, ba wanda zai sani. Ba matsi ne ya kai ni ba, albashina yana isata. Abin da ya kai ni shi ne, a karon farko wani ya ce yana son muryata don ta yi wani abu ban da sanarwa. Abokiyar aikina ɗaya na gaya wa, wata Kirista 'yar kudancin jihar nan mai gabatar da shirin fina-finai na ƙarshen mako. Ta dube ni ta ce, 'yar'uwa, ke da ko tari kika yi a kasuwa sai an waigo, ke ce za ki ɓuya? Na yi dariya na ce zan sauya muryar.

Ɗakin da muka yi aikin yana bayan shagon, an manne bangonsa da kwalin ƙwai da tsohuwar katifa don kada ƙarar janareta ta shigo. Fim ɗin na wata ƙasa ne da ban ji harshenta ba, kuma kallo ɗaya ya isa a san ba a kashe masa komai ba. Labarin wata mata ce mai ba da hayar ɗaki, da wani magidanci da aiki ya kawo garin ya sauka a gidanta. Suka shiga abin da bai kamata ba. Da aikinsa ya ƙare ya ce zai koma wurin iyalinsa, ita kuwa ta ƙi. Ta ɓoye makullin motarsa, ta riƙa sa rigarsa tana zama a duhu, ta bi shi har garinsu, daga ƙarshe aka zub da jini. Mai shagon ya ce wuraren da ba su dace ba duk za a yanke, kamar yadda aka saba, kuma wanda ya nuna mini a yanke yake, hoto yana tsalle daga ƙofar ɗaki zuwa wayewar gari. Amma bayan mun gama maganganun sai ya ce in ƙara masa wasu 'yan abubuwa ba hoto: numfashi sama-sama, dariya ƙasa-ƙasa, kiran sunan mutumin a hankali. Wai don wurin da take gudu da wurin da ta farka daga mafarki. Ba zan ce an yaudare ni ba. Numfashi sana'ata ce. Na san bambancin na mai gudu da wanda yake nema. Na sani, ban tambaya ba, na yi.

Akwai wuri ɗaya da fim ɗin gaba ɗaya ya dogara a kansa. Mutumin yana haɗa kaya, matar ta tare ƙofa tana ce masa ba ka isa ka tafi ba, ta faɗa da tsawa, ta faɗa da roƙo, ta faɗa tana kuka. Da na yi na farko sai mai shagon ya cire abin kunnensa ya ce, Hajiya, wannan ai gayyatar ɗaurin aure kike karanta mana, ki tuna wani abu mana. Sai na tuna safiyar da tsohon mijina ya ce in haɗa kayana. Yana goge takalminsa ya faɗa, bai ɗago ba. A ranar ba abin da na ce sai to. Na koma gida na ce wa Baba lafiya lau, Allah ne bai yi zaman zai ɗore ba, washegari na koma aiki na karanta sanarwa ba tare da kuskure ba. Duk abin da ban faɗa ba a wancan ɗakin, shi na faɗa a gaban makirufon mai shago. Na fito ina jin wani sauƙi a ƙirjina da na daɗe ban ji ba, na ɗauka kuma abin ya ƙare a nan.

Fim ɗin ya fita kashi biyu. Akwai yankakken da ake tura wa kowa, akwai kuma cikakken da ake tura wa wanda ya tambaya da murya ƙasa. A cikakken ne aka ɗora numfashina inda kuka sani. Ban taɓa kallonsa ba, amma na ji ra'ayin masu kallo kamar ba wanda ya taɓa ji, domin a gabana ake yi ba a san ni ce ba. Da farko dariya ce. Aka ce labule ɗaya ne a ɗakuna uku, jinin kuma zoɓo ne ko sukari ba a sa ba, ɗan sandan ƙarshe shi ne mai gadin farko ya sauya hula. A cikin Keke na ji ɗalibai biyu suna gardama, ɗaya ya ce matar mahaukaciya ce a kai ta asibiti, ɗayan ya ce mutumin ne ɗan iska, ya ci ya sha yana so ya goge baki ya wuce. A wurin kitso wata ta ce duk wadda aka taɓa yi wa haka ta san matar da hankalinta, wata ta ce ita dai Allah ya tsare mata mijinta daga masu ba da haya. Duk inda gardamar ta je, a wuri ɗaya take tsayawa: fim ɗin shirme ne, amma muryar matar nan, kai. Kafin wata ya zagayo maganar ta zama ta gari. Mai shayi yana ce wa wanda ya miƙe ba ka isa ka tafi ba, 'yan acaɓa suna jefa wa juna, uwa tana faɗa wa ɗan da ya ƙi cinye tuwo. Ina wucewa ina ji, kuma ina jin daɗi. Wannan ma sai na faɗa.

Ranar da abin ya juya ina zaune a ɗakin injiniya, ta bayan gilashi, abokiyar aikina tana gabatar da shirinta. Ba ta so ta ɗauko fim ɗin ba, masu kira ne suka ɗauko. Wani daga Giyade ya ce wannan fim ɓata tarbiyya ne tsantsa, shi sau uku ya kalla don ya tabbatar da munin abin. Wani ya ce a daina zagin fim, a zagi mazan da ke yin abin da ke ciki. Wani kuma ya yi 'yar dariya ya ce shi dai muryar tana masa kama da ta wata da yake ji kowace safiya kafin labarai. Abokiyar tawa ta katse shi da waƙa, ba ta dube ni ba. Bayan waƙar wata mata ta kira daga Gololo. Ta yi sallama a natse ta ce ita ba ta kalli fim ba, ba ta ma san yadda ake kallo a waya ba, a tsakar gida ta jiyo shi daga wayar ƙanin mijinta. Ta ce lokacin da maigidanta ya rasu ta roƙi a ɗaukar mata sanarwar a waya, saboda mai karatun ta faɗi sunansa da mutunci kamar ta san shi, kuma duk sa'ad da kewa ta dame ta sai ta sa a kunna mata. Ta ce shekaranjiya ta sa an goge. Ba ta zagi kowa ba. Ta tambaya ne kawai, ashe duk faɗin ƙasar nan ba a sami wata ba sai ita? Ta ce Allah ya shirye mu baki ɗaya, ta ajiye waya.

Na sha jin zagi bayan nan, amma babu wanda ya kai wannan. Wasu maza suka riƙa kiran layin tasha suna cewa a ba su mai sanarwa ta faɗa musu kalmar sau ɗaya. Aka tono cewa ni bazawara ce, aka ce ai shi ya sa, ba mai iya wannan kukan sai wadda ta san hanya. Masu kawo sanarwar rasuwa suka fara cewa a teburin karɓa, don Allah namiji ya karanta. Shugaban sashenmu mutumin kirki ne, bai yi mini faɗa ba. Ya ce in koma gyaran rubutun labarai har ƙura ta lafa, amma in riƙa karanta hasashen yanayi da farashin hatsi don kada a ce an kore ni. Duk wannan na ɗauka. Abin da nake tsoro ɗaya ne, kuma nakan kwantar da hankalina da cewa Baba ba ya gani, ba shi da babbar waya, me zai haɗa shi da fim? Ban taɓa yin lissafin da ya fi wannan wauta ba.

Kwanaki suka wuce bai sa an kira ni ba. Sai yayana ya kira ya ce in zo gida, bai ƙara komai ba. A wurin matarsa na ji yadda aka yi. Ranar kasuwa ce, tabarma ta cika. Dattijon nan Babarbare ya iso da wayar wani mai sayen kifinsa a hannu yana dariya tun daga nesa, ya ce Bafulatani, tashi ka ji, ashe uwarka ta yi saurayi ba ka gaya mana ba. Shi a wurinsa abin wasa ne ya samu, irin wanda zai yi wata guda yana tsokanar bawansa da shi. Yana ganin fuskar wata baƙuwar mata a gilashin wayar, sauran mutanen tabarma ma ita suke gani, don haka a idonsu wasan kwaikwayo ne da aka manna wa murya. Ya kara wayar a kunnen Baba. Ya manta cewa mutumin da yake tsokana ba shi da wata fuska da zai gani. Aka ce Baba ya saurara har ƙarshe bai motsa ba. Ya ce a mayar masa wurin kukan. Aka mayar. Sannan ya lalubi sandarsa ya miƙe, wani ya kama hannunsa ya zame, ya shiga gida.

Na same shi a zaure da la'asar. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi hanya. Sai na fara bayani, kuma na yi shi yadda aka koya mini, daki-daki, ba rawar murya. Na ce fim ne na wata ƙasa, matar da ke ciki ban taɓa ganinta ba, ni a wani ɗaki nake ni kaɗai da makirufo, an rubuta mini abin da zan faɗa, ba namijin da ya matso kusa da ni. Ya bar ni har na gama. Ya ce ya yarda da duk abin da na faɗa, bai taɓa zargina da abin da 'yan gari ke zargi ba. Amma masu ido suna da wata mata da za su ɗora wa abin, shi ba shi da kowa sai ni. Ya ce rabonsa da fuskata tun ina 'yar makaranta, abin da ya rage masa na 'yarsa murya ce, ita yake ratayewa a wuya. Ya tambaye ni, numfashin nan naki ne? Na ce nawa ne.

Na ɗauka nan ne ƙarshen abin da ya yi masa ciwo, ashe ban kai ba. Ya ce numfashin ya san ƙarya ne, aiki ne, ya ji inda nake ɗauka da inda nake saki kamar yadda nake yi a sanarwa. Kukan ne ba ƙarya ba. Ya ce ranar da na dawo daga gidan miji ya zauna a nan zauren yana jira in yi kuka ya rarrashe ni, na ce masa lafiya lau. Ya jira washegari, ya jira sati, ya kasa kunne a rediyo ko zai ji alama, bai ji ba, har ya ce wa kansa uwata ta fi shi ƙarfi. Sai ga shi ya ji kukan a wayar mai sayen kifi, a bainar jama'a, mutane na dariya. Ya ce me ya yi mini da na ga ɗakin baƙo ya fi zaurensa? Na kifa kaina a gefen tabarmarsa na yi abin da ya kamata in yi tun shekarun baya. Ya ɗora hannu a kaina ya ce ya yafe mini duniya da lahira.

Ya yafe, kuma na san da gaske yake, domin ya ci gaba da ce mini uwata. Amma rediyon bai koma wuyansa ba. Ya sa an rataye shi a ƙusa, an cire batir. Da na tambaya ya ce ya gwada, ya kunna ya ji ina faɗin farashin gero, sai ya riƙa jin ɗaya muryar a bayan wannan, kamar mutum biyu a ɗaki ɗaya, kuma ba ya iya rufe ido ya huta kamar masu ido. Na riƙa zuwa Katagum duk ƙarshen mako ina ba shi labarin duniya da bakina. Dattijon ma bai daina zuwa ba. Ya ba da haƙuri har da hawaye, Baba ya ce ba komai. Amma daga ranar wasansu ya mutu. Sai su gaisa, ina kwana Malam, ina gajiya Alhaji, kamar mutanen da suka haɗu a tasha. Ganin waɗannan tsofaffi biyu suna girmama juna ya fi mini zagin gari zafi.

Bayan damina biyu Allah ya karɓi ran Baba, da safe, bayan gajeriyar jinya. Yayana ne ya kira. Kafin in ce komai ya ce ya riga ya aika da sanarwa tasha, kuma ya roƙi wani ya karanta. Ya ce ba don shi ba, ranar jana'iza ce, ba ya so mutane su ji sunan Baba su tuna wani abu dabam. Ban yi masa gardama ba, domin gaskiya ya faɗa. Na shiga motar haya. Mun fita daga gari kaɗan direba ya ƙara sautin rediyo, sai ga wani sabon ma'aikacinmu yana karantawa. Ba laifinsa ba ne, sanarwa ta yi yawa a ranar. Ya wuce sunan da sauri, ya karya sunan unguwarmu, bai ko ɗauki numfashi ba ya shiga cigiyar wata saniya. Na riƙe bakina da mayafi har muka isa. Da muka kawo kwanar gidanmu na ce direba ya tsaya in sauka. Ya waigo, fuskarsa ta washe, ya ce lallai wannan muryar ya san ta, Hajiya ai ba ki isa ki tafi ba. Motar ta ɗauki dariya. Ba su san daga ina nake ba, ba su san inda za ni ba. Na sauka na bi bayan masu zuwa ta'aziyya.

Bayan an watse zaman makoki na fito na tarar da dattijon shi kaɗai a inuwar ƙofar gida, a gefen da ya saba zama, ya bar ɗaya gefen. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, sannan ya ce bawansa ya gudu bai ko sallame shi ba, Bafulatani dai ba ya barin hali. Wasan farko ke nan da na ji daga bakinsa tun waccan ranar kasuwa, kuma yana faɗa gemunsa na jiƙewa. Ya ce yana wurin sau da yawa Baba yana ba ni wasiyyar nan ta raha, kuma ya ji yadda aka karanta a rediyo. Ya ce 'yata, ki karanta masa yadda ya ce. Ba makirufo, ba jar fitilar ɗakin watsa shiri, ba mai sauraro sai tsoho ɗaya. Na gyara zama na karanta. Na ja sunan a hankali, na faɗi unguwa da kyau, na ambaci 'ya'ya da jikoki, na yi shiru bayan na gama ban haɗa shi da komai ba. Muryata ta yi rawa, na bar ta. Ya shafa ya ce amin.

Yanzu na bar gaban makirufo, ina koyar da masu shigowa aikin. Fim ɗin an manta da shi, wasu sun zo sun ture shi, masu dariya da masu zagi duk sun koma kan wani abu. Abin da na fahimta shi ne ra'ayin masu kallo ba ya daɗewa, kuma ba ya cin mai bayar da shi komai. Wanda ya yaba mini da wanda ya zage ni duk sun kwana lafiya a ranar. Waɗanda suka biya su ne waɗanda ba su kalla ba: wata mata a Gololo da ta rasa abin da take jin sunan mijinta da shi, da wani makaho da ya rasa rediyonsa da abokin wasansa.

Don haka ina jan hankalin 'yan'uwana mata da maza masu aikin murya, da masu sha'awar shiga fassarar fina-finai. Idan aka ce muku ba za a rubuta suna ba, ku sani murya ita ma suna ce. Idan aka nemi wani abu ba tare da an nuna muku hoton da za a ɗora shi a kai ba, ku tambaya, kuma idan kun riga kun san amsar kada ku yi kamar ba ku sani ba. Ku masu tura wa juna guntun fim don dariya, ku dubi wanda za ku kara wa waya a kunne, ba kowa ke ganin abin da kuke gani ba. Wanda kuma yake da wani kuka da ya ɓoye, ya kai shi gida tun masu jiransa suna da rai. Rediyon Baba yana ɗakina yanzu, da igiyarsa da ta yi baƙi saboda gumin wuyansa. Na sayi batir tun tuni, yana nan kusa da shi, ban sa ba.